Ɗiyar Kara

A Tsibirin Gobir, cikin shekarun 1980, yarinyar ba ta cewa "ƴar tsana". "Ɗiyata" take cewa, yadda bakin Gobirawa ya saba. Karan dawa ne jikin ɗiyar, baƙin zare ne kitsonta. Sutura ce mai wuyar samu. Sai ta tsuguna gindin keken tela ta tsinci ƙyallayen atamfa, ta fitar da zane da kallabi. Ranar da ta rasa, ta ɗauki almakashi a ɓoye ta gutsure gefen zanen Sonitextil na innarta. Ta sha bulala, ita kuwa inna ta kalmashe bakin zanen ta ci gaba da ɗaurawa.

Daga baya ƴar bebin roba ta iso daga kasuwar Maraɗi da rigarta ɗinkakkiya, ba ta bar wa yaro aikin komai ba. Sunan ma aro ne daga Ingilishi.

Da inna ta rasu aka raba kayanta, zanen ya tafi wani gida. Gara ta cinye karan tun tuni. Ƙyallen nan, wanda bai kai tafin hannu ba, yana ƙasan kwallarta har yau. Jikarta ta roƙa sau biyu, ta hana.