Taya Huɗu, Kai Ɗaya

A ranar 6 ga Maris, 2016, tayar baya ta wata Lexus mai jan ƙafa huɗu ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, motar ta wuntsila. Ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu. Motar ba akwala ba ce, kuma mai ita ba wanda kuɗin taya zai gagara ba ne. Irin waɗannan motoci, su Prado da Hilux da Land Cruiser, suna da nauyi da tsayi, don haka idan taya ta saki ana cikin gudu, sun fi ƙaramar mota saurin kifewa. Duk da haka, mutumin da ya shafe wata guda yana bincike kafin ya sayi motar, shi ne zai aiki direba Ƙofar Ruwa ko Panteka da saƙo ɗaya: a samo mai kyau, mai sauƙi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen ɗaya-ɗaya. Wadda ta suɗe a cire ta, a sa sabuwa, sauran ukun su jira nasu lokacin. A Hilux, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja sai an sa mata giyar ƙafa huɗu, abin da sauƙi. Prado kuwa kullum da ƙafa huɗu take ja, kuma a tsakiyarta akwai wani giya da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya. An yi shi ne don ya shanye ɗan bambancin juyawa idan an zo kwana, sannan ya huta idan hanya ta miƙe. Taya mai lamba 265/65 R17 tana juyawa kusan sau 410 a kowace kilomita. Idan zanenta ya cinye da milimita 6, ta ragu ke nan, sai ta ƙara juyi kusan shida kafin ta cika kilomitar. A tafiyar kilomita 400, bambancin ya haura juyi 2,000, kuma giyar nan ce ke ɗaukar wahalarsa, ba hutu. Ba a rana ɗaya take lalacewa ba, shi ya sa da wuya mai mota ya danganta kuɗin da makaniki ya caje shi da tayar da ya canja bara. Abin da ya fi shi ne a canja huɗun tare, kamfani ɗaya, zane ɗaya. In aljihu bai kai ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, domin zamewar baya ta fi wuyar gyarawa da sitiyari.

Sai batun zane, inda ido ke yawan yaudarar mai saye. Taya mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa M/T, tana ƙara wa mota kwarjini, amma don taɓo aka yi ta. A kan kwalta tana da gunji, tana shan mai, kuma idan ruwa ya sauka burkinta ba ya kamawa kamar na H/T, tayar kwalta. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce Maitama zuwa filin jirgi ba, H/T ce tasa, ko da ba za ta burge kowa a wurin ɗaurin aure ba. Wanda aiki ke kai shi ƙauyuka, ya bi burji da rairayi, ya haura gulbi da damina, A/T ce daidai da shi, ita ce tsaka-tsaki. Haka ma masu son ɗaga mota da babbar taya: wanda ya sauya 265/65 da 285/70 ya ƙara girman da kusan kashi 7 cikin ɗari, sai allon gudu ya nuna 100 alhali motar na yin 107.

Sauran bayanin duk yana jikin tayar, ga mai haƙurin durƙusawa ya karanta. Bayan lambar girma akwai wata kamar 112S. Lamba 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. T na nufin 190, H kuma 210. Ba a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, musamman ga Hilux ɗin da za a lafta wa buhunan masara. Yawancin tayoyi suna kuma ɗauke da makin jure zafi, A ko B ko C. Mai bin hanyar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba shi da dalilin karɓar C.

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne ranar haihuwa: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adi. Kamfanin Michelin kuwa ya ce a riƙa dubawa duk shekara bayan biyar, kada a wuce goma ko da zanen na nan. Mai hankali a wannan yanayi namu zai fi karkata ga ƙaramin adadin.

Nan ne tayar gwanjo ke shigowa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma dogaro da ta waje, kuma duk lokacin da naira ta faɗi, gwanjo kan ƙara farin jini. Dillali zai nuna zurfin zane, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne dalilin da Bature ya yar da ita: wataƙila ta tsufa, wataƙila ta daki gefen titi wayoyin cikinta sun karye, wataƙila kuma tayar hunturu ce, mai laushin roba da ƙananan tsage-tsage birjik, wadda aka yi don sanyin da bai kai digiri 7 ba.

Ko sabuwa fil aka saya, da sauran aiki a wurin mai faci. Da yawansu kan bayar da iska har sai taya ta yi tauri a hannu, alhali adadin da ya dace yana rubuce a takardar nan ta jikin ƙofa, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ƙarancin iska ya fi yawansa haɗari, shi ke sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa har ya gasu ya fashe. Akwai kuma ta biyar, safaya, wadda ke rataye a ƙofar baya ko ƙarƙashin mota tun ranar da aka shigo da ita daga Kwatano. A motoci da yawa ita ce mafi tsufa, girmanta ma ya saɓa da na sauran, kuma ba a gano haka sai ranar da aka kwance ta a bakin hanya.