Littafin da Ba Mugu a Cikinsa

Littattafan labari da ake sayo wa jikokina a kasuwar Sabon Tasha duk iri ɗaya ne. Launi ga shi nan, yaro na dariya, kowa na ƙaunarsa, ba mugu ko ɗaya a garinsu. Wane gari ne wannan, jama'a?

Mu Shaihu Umar muka karanta, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bugun 1934. An sace Umar yana ƙarami, daga Kano aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawu, aka yaudare ta aka sayar, ba ta fasa neman ɗanta ba. Malaminmu kan tsaya a tsakiyar shafi, ya sauke tabarau, ya ce, "To, da kai ne, da wa za ka yarda?" Sai aji ya yi tsit. Abin da na tsinta ke nan: ka yi hattara da mai yawan fara'a, amma kada ka fasa tafiyarka.

Da nake koyarwa a wajen Kafanchan mun yi Chike and the River na Achebe, 1966. Yaro a Anacha yana neman kuɗin jirgi ya haye Kwara zuwa Asaba, mai siddabaru ya cinye masa ɗan abin hannunsa. Ya ji haushi, ya koma wankin mota, ya haye.

Yanzu iyaye cewa suke kada a tsorata yara. Waɗanne yara? Waɗanda suka ji an kwashe ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist, kan hanyar Kachia, a Yulin 2021? Sun riga sun san akwai mugu. Abin da ba a nuna musu ba shi ne yadda ɗan'uwansu yaro ke tsayuwa a gabansa.

Ko da yake hattarar ma in ta yi yawa cuta ce. Tun rikicin Kafanchan na 1987 na ga maƙwabta sun daina aiken yara gidan juna. Umar kuwa baƙo ne ya rene shi, Balarabe Abdulkarim, har ya zama malami. Don haka ban ce a ƙi kowa ba. Na dai ce a buɗe ido.

Malaman firamare, ku nemo waɗannan littattafai ku karanta wa yara da baki, kada ku tsallake wuraren da ke da ɗaci.