Gurbi Ɗaya Da Ya Hana Mutum Barci

Dare ya raba, a wani ɗan masauki da ke daura da tashar jirgin ƙasa ta wani birni a ƙasar Jamus, amma fitilar ɗaki guda ba ta mutu ba. Wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar na durƙushe a gaban gado, ya jera katuna sahu-sahu a kan bargo kamar mai kasa kayan koli a kasuwa. Ya ƙirga su sau uku, kowane ƙirge yana ba shi 74. Alhali kuwa 75 zai rubuta a takardar da alƙalan gasa za su karɓa da safe, kuma da zarar takardar nan ta fita daga hannunsa, to bakin alƙalami ya bushe, ba shi da ikon sake ko kati ɗaya har a tashi. Katuna biyu ne a hannunsa, gurbin kuwa guda ne. Babu bukatar a ambaci sunansa, domin irinsa suna da yawa a kowane daren jajiberin gasa, daga Turai har Amurka da Japan.

Kafin mai karatu ya ce wannan ai ɗan caca ne, ya kamata a warware masa. Kartar da ake magana a kanta dabam take da wadda aka sani a bakin tasha. Sunanta Magic: The Gathering, wani masanin lissafi ɗan Amurka mai suna Richard Garfield ne ya ƙago ta, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da ita kasuwa a shekarar 1993. Gaskiya ne a dokokinta na farko akwai sa kati a matsayin jingina, wanda ya ci ya ɗauke, amma tun da wuri aka haramta wannan a fagen gasa. Abin da ya bambanta ta da sauran karta shi ne kowane ɗan wasa da nasa damin yake zuwa, wanda ya zauna a gida ya tsara daga cikin dubban katunan da aka buga. Damin ba zai gaza kati 60 ba, ba a kuma yarda a sa irin kati ɗaya fiye da sau huɗu ba, in banda katunan fili na asali. Ana kuma yarda ya riƙe wasu 15 a gefe domin musanya tsakanin wasa da wasa. Kowa yana farawa da maki 20 na rai da kati bakwai a hannu. Wanda makinsa ya ƙare an cinye shi, haka kuma wanda ya zo jan kati ya tarar daminsa ya ƙare.

Katunan fili su ne jarin wasan. Guda ɗaya ake ajiyewa a kowane juyi, kuma daga gare su ake samun kuzarin da ake biyan kuɗin sauran katuna da shi. Mafi yawan mutane sukan tsara damin hari, watau su cika shi da dakaru masu araha, su afka wa abokin karawa tun bai gama shiri ba. Mutumin nan namu kuwa yana cikin 'yan tsirarun da suka zaɓi damin tsaro. Shi aikinsa hanawa. In an fito da kati ya soke shi tun bai sauka ba, in dakaru sun taru ya share fagen baki ɗaya da kati guda, sa'an nan ya yi ta jan katuna har hannunsa ya cika, na abokin karawarsa ya zama wayam. Sai bayan an kai nan ne yake tunanin yadda zai ci wasan.

Wannan dabara tana da asali. A tsakiyar shekarun 1990 wani ɗan wasa a jihar Kalifoniya, Brian Weissman, ya tsara wani dami wanda shahararsa ta kai har ba a kiransa da wani suna sai The Deck, watau shi ne damin, sauran duk bi-yarima ne. Abin da Weissman ya fahimta kafin jama'a shi ne cewa wanda ya kashe katin abokin gaba biyu ko uku da nasa guda ɗaya, ko ya ja kati biyu alhali wancan ya ja ɗaya, to nasara tana tafe gare shi ko da makinsa ya yi ƙasa. Saboda haka ya cika damin da katunan sokewa irin su Counterspell da Mana Drain, da na kashe dakaru irin su Swords to Plowshares, ya bar wa kansa mayaƙa biyu tak, kwafi biyu na katin Serra Angel. Ita wannan maki huɗu take cirewa a kowane hari, watau hari biyar ya ishe ta ta gama da maki 20. Da aka yi babbar gasar ƙwararru ta farko a birnin New York a watan Fabrairu na 1996, Michael Loconto ne ya lashe ta, da damin tsaro mai launin fari da shuɗi.

To, tsara irin wannan dami ba ya farawa da katunan ban sha'awa. Da lissafin fili yake farawa, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Katin share fage, kamar Supreme Verdict, kuzari huɗu yake ci, kuma in bai sauka a juyi na huɗu ko na biyar ba, sau da yawa mai hari ya riga ya gama aikinsa. Wanda ya fara wasa yakan ga kati goma kafin ƙarshen juyinsa na huɗu. In akwai fili 24 cikin katunansa 60, damar ya sami aƙalla huɗu cikin goman nan kusan kashi 63 ne cikin ɗari. In ya ƙara suka zama 26, sai ta tashi zuwa kusan kashi 72. Wannan tazara ta kashi tara ba wasa ba ce ga mutumin da zai yi karawa tara ko goma sha biyar a ƙarshen mako guda. Shi ya sa masu damin tsaro sukan sa fili 26 ko 27, ko da yake kowane fili da aka ƙara gurbin wani kati mai aiki ya cinye. Frank Karsten, ɗan ƙasar Holan wanda ƙwararren ɗan wasa ne kuma masanin lissafi, ya yi shekaru yana buga irin waɗannan alkaluma, har ya zama da wuya a ga mai tsara dami da bai taɓa duba teburinsa ba. Mutumin nan na masauki ya tsaya a kan 26 tun makonni biyu da suka wuce, bai ƙara taɓa wannan sahu ba.

Haka lissafin yake a kan katin sharar kansa. Mai kwafi huɗu yana da kusan kashi 53 na ganin ɗaya cikin kati goman farko, mai uku kuwa kusan 43. Sai dai katin shara kaya ne kawai a hannu in aka haɗu da wani mai tsaro wanda ba shi da dakarun da za a share. Nan ne wahalar sana'ar take. Katin mai hari kullum yana da aiki, domin duka ba ya tambayar wa zai faɗa wa. Katin mai tsaro kuwa magani ne, maganin zazzaɓi kuma ba ya warkar da targaɗe. Kowane kati da ya sa a daminsa hasashe ne a kan abin da mutum ɗari biyu ko dubu, waɗanda bai taɓa gani ba, za su zo da shi gobe. Don haka ne yakan kwashe mako guda yana bin sakamakon gasannin da aka yi a intanet, yana rubuta wane dami ne ke tashe, wanne ne ya fara ja da baya. Damin tsaron da ya yi zarra a watan jiya yana iya zama abin tausayi a wannan wata, ba tare da an taɓa masa kati ɗaya ba, don kawai jama'a sun sake salo.

Duk wannan bai kai agogo ba. A yawancin gasa karawa guda wasa uku ce, wanda ya ci biyu shi ne da nasara, kuma minti 50 ake bayarwa. In lokaci ya cika ba a gama ba, sai a ƙara juyi biyar, in har ila yau babu wanda ya rinjayi wani sai a rubuta kunnen doki. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya. Mutumin nan ya san zafin wannan doka a jikinsa. A gasar da ya halarta a baya, sau uku yana riƙe da wasa kamar an ɗaure masa shi, hannun abokin karawarsa babu komai, nasa cike da katunan sokewa, amma abin da zai kashe wasan da shi yana can ƙasan dami bai fito ba har aka buga ƙararrawa. Maki shida ya zubar a banza, ya koma gida a jirgin dare ba tare da ya shiga sahun takwas na ƙarshe ba, kuɗin masauki da na hanya sun tafi, da hutun da ya roƙa a wurin aiki. Ba wanda ya fi shi iya wasa a ranar nan. Abin da ya kashe shi rowar gurbi ce, domin kati ɗaya kawai ya ware wa cin wasa cikin 60.

Amma kuma akwai wanda ya yi rowar da ta fi wannan ya sha da ita. A watan Agusta na 2014, a birnin Portland na Amurka, Ivan Floch ɗan ƙasar Sulobakiya ya ci babbar gasar ƙwararru da damin da babu katin dakare ko ɗaya cikin 60 ɗinsa. Yana da Supreme Verdict huɗu da Sphinx's Revelation huɗu, katin da ke ƙara masa rai ya kuma ja masa katuna daidai yawan kuzarin da ya ƙara a kan ainihin kuɗin katin. Sa'an nan ga wani ɗan kati guda, Elixir of Immortality, wanda ke ba shi maki biyar ya kuma mayar da dukan katunan da ya riga ya yi amfani da su cikin dami. Ma'ana shi daminsa ba ya ƙarewa, na abokin karawarsa kuwa yana ƙarewa. In hakan ya yi nisa, yana da filin Mutavault mai rikiɗewa ya zama ɗan ƙaramin mayaƙi. Dakarunsa na gaske a gefe ya ɓoye su, ya shigo da su a wasa na biyu, lokacin da abokan karawa kan fitar da katunan kashe dakaru don sun ga ba su da amfani. Ya doke Jackson Cunningham a karon ƙarshe. Abin da masu kwaikwayonsa kan manta shi ne irin wannan dami sai mai saurin hannu da saurin yanke shawara, wanda ya yi atisaye har ba ya tsayawa dogon tunani a kan abin da ya riga ya gani sau ɗari. Guillaume Wafo-Tapa na Faransa, wanda ya ci gasar Yokohama a 2007, shi ma da haka aka san shi, ya yi shekaru yana manne da damin tsaro ko da jama'a sun gudu sun bar shi.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu bin tafarkin Weissman suna cewa kowane katin cin wasa da aka ƙara, kati ne da zai zauna a hannu ba aiki a juyi na biyu da na uku, daidai lokacin da mai hari ke sara. Wanda ya mutu a juyi na biyar ba ruwansa da agogo. Sauran kuwa suna cewa dami ba a kan takarda ake gwada shi ba, a zaure ne mai hayaniya, a zagaye na takwas, bayan mutum ya yi awa tara a zaune kansa ya yi nauyi, ga alƙali a tsaye a bayansa yana da ikon yi masa gargaɗi in ya ga yana jan ƙafa. In za a faɗi gaskiya, hujja ta biyu ta fi dacewa da yawancin mutane. Floch ɗaya ne, kuma wanda ke aiki kwana biyar a mako yana atisaye da daddare bai kamata ya auna kansa da ma'aunin wanda wasan ne sana'arsa ba.

Katuna biyun da ke hannun mutumin nan su ne wannan gardama a dunƙule. Na dama ɗan katin kashe dakare ne mai kuzari biyu, wanda zai tsare masa rai a farkon wasa in ya haɗu da masu jan dami, waɗanda ya ƙiyasta za su kai kashi ɗaya cikin huɗu na zauren. Na hagu babban mayaƙi ne mai tsada, wanda in ya sauka yakan gama wasa cikin juyi huɗu. Abokin tafiyarsa, wanda ya gaji da hasken fitila, ya juyo daga ɗaya gadon ya ce masa ya sa kowanne ya kwanta, kati ɗaya cikin sittin ba zai sake komai ba. Shi kuwa ya san cewa a wasan da ya yi tsawo, irin wanda daminsa ke nema, yakan ga rabin katunansa ko fiye, don haka kati ɗaya a wurinsa ya fi kati ɗaya a wurin mai hari nauyi.

Ya ɗauko littafin da yake rubuta sakamakon atisayensa, ya bi shi shafi-shafi. Bai duba yawan wasannin da ya ci ba. Mintocin da ya rubuta a gefen kowane wasa ya bi da yatsa, ya ga wasansa na farko kan ci minti 25 ko fiye, watau in ya faɗi wasa ɗaya cikin biyun farko, da ƙyar lokaci zai isa a yi na uku. Ya ajiye littafin. Ya sa babban mayaƙin a gurbin da ya rage, sa'an nan ya koma kan katuna 15 na gefe, ya cire wani katin sokewa da ya tanada don 'yan'uwansa masu tsaro, ya ba ɗan katin mai kuzari biyu wurinsa. Ya san cewa da wannan ya sayar da wani abu, in ƙaddara ta haɗa shi da mai irin daminsa gobe zai ji a jikinsa.

Wajen ƙarfe biyu ya cike takardar da manyan baƙaƙe, ya ƙirga 60, ya ƙirga 15, ya sa hannu. Ya tattara katunan ya zuba a akwatinsu, ya saita agogonsa ƙarfe bakwai, ya kashe fitila.