Kwanon Inna a birnin Atina

A watan Yulin bara na kammala ziyarar bincike ta wata uku a wata jami'a da ke Atina, babban birnin ƙasar Girka. A makon ƙarshe maiɗakina da 'ya'yanmu biyu suka same ni a can, bayan doguwar wahalar neman biza. Tun a filin jirgin sama autanmu, ɗan shekara tara, ya tambaye ni ko don sun iya girki ake ce wa ƙasar Girka. Na ce masa su da kansu Ellada suke kiran ƙasarsu, amma in hukunci yake son yankewa a kan girkinsu, ya jira daren Juma'a. Na riga na kama mana teburi a wani gidan abinci na masu hannu da shuni a unguwar Kolonaki, a gindin dutsen Likabetos. Wata uku ina tsuke bakin aljihu domin wannan dare ɗaya. Malamin jami'a ba ya yawan samun damar nuna wa iyalinsa cewa karatun da ya raba shi da su yana da wani amfani da ido zai gani.

Ƙarfe tara na dare muka isa, rana ba ta jima da faɗuwa ba. Na zaci mun makara, sai muka tarar da rabin kujerun babu kowa, domin Girkawa a lokacin zafi sai wajen ƙarfe goma suke zama cin abincin dare. Daga inda aka zaunar da mu ana hango tsaunin Akropolis an haske shi da fitilu, da ginin Fatenon a kansa, wanda aka fara ginawa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Gidan yana cikin waɗanda ake kira na girkin Girka na zamani: su ɗauko abincin ƙauye na kaka da kakanni, su gyara dafuwarsa, su jera shi a farantin tangaran kamar zane.

Na shaida wa matashin da ke yi mana hidima cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya. Ya ce wannan ba zai takura mu ba, domin rabin abin da ke takardar bai taɓa haɗuwa da nama ba. Dalilin yana cikin addininsu. Mabiya cocin Otodoks suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai na tsawon makonni kafin bikin Ista, haka ma ranakun Laraba da Juma'a ga masu riƙo da al'adar, saboda haka suka ƙware wajen dafa ganye da wake da kayan lambu a cikin man zaitun. Ba a ba kowa nasa farantin shi kaɗai ba. A tsakiyar teburi ake ajiye komai, kowa ya miƙa hannu ya ɗiba. Maiɗakina ta ce wannan kam cin gida ne, cokali kawai aka ƙara.

Aka fara kawo burodi mai ɗumi da man zaitun. Sai fava, wani ƙaramin wake rawaya da ake nomawa a tsibirin Santorini, a ƙasar da aman wuta ya bari, a dafa shi ya yi laushi kamar fate, a zuba masa albasa da mai. Sai cukun feta. Sai kuɓewa da aka gasa da tumatir, wadda yara suka yi ta juyawa da cokali suna neman yauƙi ba su samu ba. Sai wani kwaɗo na farin wake mai baƙin ido, wanda ba ya buƙatar a gabatar mana da shi: waken nan ne namu, wanda asalinsa Afirka ne, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya nomansa a duniya. Muna cikin dariyar yadda muka ƙetare hamada da teku muka zo cin wake da kuɓewa, sai aka ajiye wani faranti a gabana.

Dafaffen ganye ne kore shar, an tattara shi a tsakiya, an kwarara masa man zaitun, ga yankin lemon tsami a gefe. Maiɗakina ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta dube ni.

“Malam, wannan ai rukuɓu ne.”

Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce in ba rukuɓu ba ne, to ɗan'uwansa ne na jini. Na kira matashin na tambaye shi. Ya ce sunansa vlita, ɗaya ne daga ganyayen da suke kira horta gaba ɗaya, kuma shi ne na lokacin zafi. Ya nuna mana hotonsa a wayarsa. Dangin alayyafo ne, irin wanda ke fitowa da kansa a bayan gida da bakin juji da zarar damina ta sauka. Ya ƙara da cewa kakarsa a ƙauye har yanzu takan fita da wuƙa da jaka ta tsinko ganyaye iri-iri a gefen gona, kuma ta san kowanne da sunansa. Ya faɗi haka yana alfahari, kamar mai ba da labarin kakarsa ta riƙe sarauta. Na saci kallon takardar farashi. Yuro 14, wato sama da naira dubu ashirin a canjin lokacin.

A matsayina na malamin tarihi na san abin da wannan ganye yake nufi a birnin da muke zaune. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da Italiya da Bulgeriya sun mamaye Girka a 1941, suka kwashe abincin ƙasar, Birtaniya kuma ta toshe hanyoyin teku. A hunturun 1941 zuwa 1942 dubun-dubatar mutane suka mutu da yunwa a Atina da kewayenta, har ana bin tituna da amalanke ana kwashe gawarwaki. Ƙungiyar agaji ta Oxfam a 1942 aka kafa ta a birnin Oxford, kuma yunwar Girka ce ta fara mayar da hankali a kai. Mutanen ƙauye da suka san ciyawar da ake ci da wadda ba a ci sun fi na birni samun abin sawa a baki. Abincin da ya tsallakar da kakanni daga yunwa ke nan jikoki suka ɗora a farantin tangaran, ba tare da sun sauya masa suna ko sun ɓoye asalinsa ba.

Amma ba tarihin Girka ne ya tsayar mini da cokali ba. Wani kwano na tuna.

A ƙauye na tashi, a gidan da hatsi ba ya kai mu kaka kowace shekara. Idan watan Agusta ya kama, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, Inna ce take fita da sassafe ta dawo da tafasa da rama da rukuɓu da yaɗiya. Ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta kwaɗa mana. Da wannan kwaɗo na yi firamare. Da kuɗin ƙuli-ƙulin da take sayarwa aka saya mini akwatin tafiya makarantar kwana.

Shekarar da na kammala digirin digirgir, abokan aikina huɗu suka bi ni ƙauye domin su taya Inna murna. Muna zaune a zaure sai ga ƙanwata da babban kwanon sha a rufe da faifai. Na ɗaga faifan na ga kwaɗon rama, an yi shi da kyau, har da yankan albasa da tumatir a sama, abin da ba ma samu muna yara. Na mayar da faifan da sauri, na ce mata a hankali ta koma da shi ciki. Na zaro kuɗi na aiki yaro bakin titi ya sayo tsire da lemon kwalba. Baƙina suka ci, suka yi addu'a, suka tafi. Da na shiga cikin gida yin sallama, na tarar da kwanon a ƙofar ɗakinta, faifan yana kai. Abin da ta ce kawai shi ne, “Sun ci abinci dai ko?” Na ce sun ci. Ta ce, “To madalla.” Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu shekara uku da suka wuce, ni ma ban taɓa tayarwa ba.

Ga ni yanzu a Atina, na biya kuɗin da ya fi cinikin ƙuli-ƙulinta na makonni domin a ba ni abin da na mayar mata. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. 'Yata ta fari, mai shekara goma sha huɗu, ta lura na yi shiru, ta ce, “Abba, ba daɗi ne?” Na ce da daɗi. Ta ce ita ma ya yi mata daɗi, me ya sa ba ma cin irinsa a gida? Mahaifiyarta ta dube ni ba ta ce komai ba, domin ta san wanda ya hana.

Ba ina cewa Girkawa sun fi mu son iyayensu ba ne, kuma ban manta cewa gidan abinci kasuwa ne ba. Wanda ya ci ganye don babu, ba shi da man zaitun na kwararawa, kuma ban ga alamar tsohuwar da ta tsinko shi tana samun rabo mai yawa daga Yuro 14 ba. Akwai abin dubawa idan masu ƙoshi suka mayar da abincin yunwa abin ado. Duk da haka, akwai abin da suka yi wanda ya cancanci a lura da shi. Sun tsaya wa abincinsu har gaban alƙali: Tarayyar Turai ta keɓe sunan feta ga cukun Girka a 2002, Jamus da Denmak suka ƙalubalanci matakin, kotun Tarayyar ta tabbatar wa Girka a 2005. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin cin abincin yankin Bahar Rum cikin al'adun da duniya ta gada, Girka na cikin ƙasashen da suka nema. Kafin a kai ga kotu da UNESCO, sai da aka sami masu ilimi da masu girki da ba su ji kunyar tukunyar kakarsu ba.

Mu kuwa, 'yan boko irina, mun daɗe muna auna ci gabanmu da nisan da muka yi da kwanon da ya raine mu. A bikinmu soyayyar shinkafa ce da kaza. Zogale bai sami shiga falonmu ba sai da aka rubuto mana daga waje cewa yana da amfani, aka zuba garinsa a kwalba. Ina koyar da ɗalibai tarihin fari da yunwa a ƙasar Hausa, ina kawo musu shekaru da sunayen yunwoyin, amma ban taɓa tsayawa na gaya musu da wane ilimi mata suka ciyar da gidaje a waɗannan shekaru ba. Ilimi ne cikakke: wane ganye ake ci, yaushe ake tsinkarsa, sau nawa ake zubar da ruwansa kafin ɗacinsa ya fita. Inna ta tafi da nata, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Da muka gama, aka kawo mana 'ya'yan itace da ɗan kayan zaƙi kyauta, kamar yadda suke yi wa baƙo. Na biya kuɗin, wanda ya kusa cinye abin da na tara, muka gangaro a ƙafa cikin iskar dare. Auta ya yanke hukuncinsa: sun iya girki, amma kuɓewarsu ba ta da yauƙi.

Bayan mun dawo, a ƙarshen watan Agusta, na ɗauki yaran muka je ƙauye wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara saba'in. Na roƙe ta ta zagaya da mu bayan gari ta nuna mana ganyayen. Ta yi dariya ta ce, “Dakta guda da tsinkar tafasa?” Ta ɗauki sandarta muka fita. 'Yata tana rubutawa, ni ina ɗaukar hoto. Goma sha ɗaya ta nuna mana kafin ta gaji, biyar kaɗai na iya ganewa da kaina. Da yamma ta kwaɗa mana rama, muka ci a zauren nan da na mayar da kwano.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini.