Ba Kowane Gurbi Ake Buɗe Wa Baƙo Ba

Duk wanda ya cike fom ɗin JAMB ya san guraben suna, jiha da ranar haihuwa. Sai da na fara karatun kwamfuta a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil na fahimci abin da ke bayansu. Kowane gurbi yana da laƙabi. Manhajojin gina shafin intanet, irin su Laravel da Rails, suna kwashe abin da ka rubuta su zuba shi a bayananka, kowanne inda laƙabinsa ya dace.

Sauƙin ya burge ni, amma akwai haɗari. A ce shafin makaranta yana karɓar duk abin da aka turo. Wani mai wayo zai iya ƙara gurbin “maki” da kansa, ya mayar da F ɗinsa A. Da irin wannan dabara Egor Homakov ya yi kutse a GitHub a 2012.

Shi ya sa ko a aikin aji nake jera guraben da na yarda a karɓa, sauran a watsar. Ɗan'uwa mai koyo, fara da wannan jerin, domin sakamakon wani zai zo hannunka wata rana.