Ubang: Garin Da Miji Da Mata Kowa Da Harshensa

 Sau nawa kika taɓa ce wa maigida "ba ka gane abin da nake nufi ba", alhali da Hausa kika yi maganar, shi ma kuma Hausar ya sha a nono? To yau ki ɗauko mayafinki ki biyo ni, zan kai ki wani gari a ƙasar nan tamu inda mace da namiji ko ruwan sha ba sa kiransa da suna ɗaya, amma kowa yana gane ɗan'uwansa sarai.

Sunan wurin Ubang, yana cikin ƙaramar hukumar Obudu a arewacin jihar Kuros Riba. Biki ne ya kai ni unguwar Wadata a Makurɗi, a can wata ƙawata malamar makaranta ta ba ni labarinsu, na ce sai na je, domin gani ya kori ji. Da izinin maigida muka kama hanya ni da ita da ƙanenta. Daga Makurɗi sai Gboko, sai Vandeikya, duk ƙasar Tibi ce, doya da lemo tuli-tuli a bakin titi. Kina matsawa gaba ƙasa tana tashi, duwatsu kore shar suna tare miki gaba, har ki iso Obudu. Yawancin baƙi wurin shaƙatawar nan na kan dutse suke nufa, wanda aka kafa a matsayin gonar shanu a 1951. Mu kam ƙauye muka yi. Ki tafi da guzurinki da dardumarki, kuma ki kauce wa damina, don ruwan can ba irin namu ba ne.

Ubang ƙauyuka uku ne, Okweriseng da Ofambe da Okiro, mutanensu manoma ne masu son baƙi. Da Turancin buroka ƙawata ta yi mana tafinta a gidan wani dattijo da matarsa. Na nuna doya na tambayi sunanta. Dattijon ya ce "itong", matar ta ce "irui". Na nuna ruwa, ya ce "bamuie", ta ce "amu". Bishiya a bakinsa "kitchi", a bakinta "okweng". Akuya shi "ibue", ita "obi". Tufafi kuwa maza "nki" suke cewa, mata su ce "ariga", wanda da na ji sai da na yi murmushi, don kamar rigarmu. Kare a wurin mata "okwakwe" ne, a wurin maza kuma, iyayen Abu ku gafarce ni, "abu" ne sunansa.

Kada ki ɗauka komai da komai ne ya bambanta. Kalmomi da yawa nasu ne tare, sai dai waɗanda suka rabu sun rabu ƙwarai, ko kama da juna ba sa yi. Kuma ba wai kayan girki ne ke da sunan mata, kayan gona ke da na maza ba, babu wata ƙa'ida irin wannan. Wata masaniyar al'adu, Chi-Chi Undie, wadda ta yi bincike a kansu, tana ganin abin yana da nasaba da yadda maza da mata a can suke rayuwa kusan kowa da duniyarsa. Su kuwa mutanen garin suna da labarin kaka da kakanni, wai an so a ba kowace ƙabila harshe biyu, da aka ba su nasu sai aka ga harsunan ba za su isa kowa ba, aka tsaya a kansu. Labari ne dai na gargajiya, amma suna alfahari da shi matuƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake yi har su fahimci juna. Kowane yaro a Ubang, mace ko namiji, da kalmomin mata yake buɗe baki, domin a bayan uwa yake, a gindin murhunta yake wasa. Idan namiji ya kai wajen shekara 10 sai ya soma sauya baki da kansa, ba tare da an sa shi ba, kuma wannan ita ce alamar ya kama hanyar zama magidanci. Wanda ya girma bai sauya ba, kallon mai matsala ake yi masa. Kin ga ke nan babu namiji a garin da bai taɓa magana da bakin mata ba. Idan matarsa ta ce "amu", ba sabon abu ya ji ba, sunan da ya fara roƙon ruwa da shi ne a hannun mahaifiyarsa.

Ke uwa ce, ki kwatanta ranar da ɗanki zai shigo ya nemi ruwa da wata kalmar da ba taki ba. Na tambayi tsohuwar nan ko abin yana yi mata zafi, ta yi dariya, ta nuna mini cewa rashin sauyawar ne zai dame ta. Sai na tuna namu yaran. Mu ma ai suna tashi ne a cikin gida, suna jin hirarmu da habaicinmu, sun san abin da shirun uwa yake nufi tun kafin ta ɗaga kai. Daga baya su koma zaure, su koma majalisa, inda ake magana gajeriya a wuce wurin. Ranar da aka kai wa ɗayansu amarya ta ce masa "ba komai", sai ya ɗauka ba komai ɗin ne, ya ja bargo ya yi barcinsa.

Mu ma fa muna da namu kason. An rene mu da kunya, ba ma kiran sunan miji, wasunmu ko na ɗan fari ba sa kama wa, saboda haka mun saba kewaye. Ki ce "yau kam na gaji", kina so ya zauna ya saurare ki, shi kuma ya ce ki sha magani ki kwanta, a ganinsa ya gama taimako. Ki ce "matar wane an sauya mata kujeru", ya ce "Allah Ya sanya alheri". Ke ki kwana da takaici, shi bai ma san an yi magana ba. A Ubang bambancin a fili yake, kunne yana jinsa, shi ya sa babu matar da za ta ɗauki "itong" a matsayin raini. Namu ya ɓuya a cikin kalmomi iri ɗaya. Ban ce ba sa saɓawa ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana yi, amma ba a kan wannan ba.

Sai dai abin nasu yana cikin haɗari. A baki harshen yake yawo, ba a koyar da shi a aji, karatu da Turanci ake yi, matasa kuma suna fita birane neman abinci su dawo da buroka. Ko a 2018, lokacin da BBC ta ba da labarin garin, dattawansu wannan kukan suke yi.

Da muka tashi tafiya, wani jikan gidan da bai wuce shekara 6 ba ya kawo mini ruwa a kofi. Na nuna ruwan na tambaye shi sunansa, ina jiran in ji na kakarsa ko na kakansa. Da Turanci ya faɗa mini. Tsohuwar ta jawo shi jikinta tana maimaita masa "amu, amu", shi kuwa hankalinsa yana kan motarmu.