Bangon aji ma malami ne

A Garwa, yaron da ya shiga ajin farko na firamare a watan Satumba yakan zo da Fulatanci ko Hausa a bakinsa, sai ya tarar malami yana magana da Faransanci. Kafin kunnensa ya saba, idonsa ke nema masa abin da ya sani. Shi ya sa nake ɗaukar ƙawata aji da muhimmanci.

Idan ya ga hoton dorinar kogin Binuwai a bango, ko reshen auduga irin wadda ake nomawa a ƙauyensu, ko zanen madatsar ruwan Lagdo, kowanne da sunansa a ƙasa, sai ya ji makaranta ta san garinsu. Daga nan sabuwar kalma take zama a kansa.

Abin ba ya cin kuɗi da yawa: kwali, alli mai launi, da zanen yaran kansu. Na fi son zanen yaran, domin wanda aka liƙa aikinsa a bango yakan ɗauki ajin nasa ne, ya yi ɗokin zuwa ko da zafin Afrilu. Malaman da ke yin wannan daga aljihunsu sun cancanci iyaye su kama musu.